Kunya a Ƙofar Ɗakin Gwaje-gwaje

Mu Hausawan Tamale, daga Zango har Aboabo da Sabonjida, mun tashi cikin tarbiyyar da ta fifita kunya da kara da haƙuri. Yaro ba ya gyara wa babba kuskure a bainar jama'a, kuma wanda ya ji ciwo yakan cije ya ce ba komai. Da waɗannan halaye kakanninmu suka zauna lafiya da Dagombawa tun zamanin fataken goro masu bi ta Yendi zuwa Salaga. Sai dai akwai ɗaki guda da halayen nan kan zama sanadin rasa rai a cikinsa, wato ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, inda ake kai jininmu da fitsarinmu da majinarmu.

Maganar ta shafe mu kai tsaye. Babban asibitin Tamale, wanda aka buɗe a 1974 kuma daga baya ya zama asibitin koyarwa, da jami'ar UDS da aka kafa a 1992, sun yaye 'ya'yanmu da ƙannenmu masu wannan aiki. Garinmu yana cikin yankin da sanƙarau ke yi wa dirar mikiya, daga hunturu zuwa zafin bazara. A irin wannan lokaci ana ɗibar ruwan ƙashin bayan marar lafiya a gundumomi, a aiko shi Tamale don a gane irin ƙwayar cutar. Wanda zai buɗe kwalbar nan ɗan wani ne, mai iyali, kuma numfashi ɗaya a kan ƙwayar da aka raina a faranti ya isa ya kwantar da shi.

Tarihi ya nuna cewa ilimi kaɗai ba ya kare mutum. Hideyo Noguchi, masanin nan ɗan Japan, ya rasu a Accra a watan Mayun 1928, bayan ya kamu da zazzaɓin shawara da ya zo bincike a kansa. Sunansa ne ke kan cibiyar binciken da aka buɗe a Legon a 1979. A Jos kuma, a farkon 1970, likita Jeanette Troup ta yanke a yatsa tana binciken gawar wanda zazzaɓin Lassa ya kashe, ita ma cutar ta yi ajalinta. In gwanaye sun faɗa, ina ga ɗan koyo?

Kowane ɗakin gwaji na ƙwarai yana da dokokinsa. Ba a ci, ba a sha a cikinsa. Ba a mayar wa allura murfinta bayan an yi aiki da ita, sai a jefa ta cikin kwalin da aka tanada, kuma ba a bari kwalin ya wuce kashi uku cikin huɗu. Ana turara kayan da suka taɓa ƙwayar cuta a tukunyar tururi mai zafin digiri 121 kafin a fitar da su. Duk wannan rubuce yake a bango. Abin da ba a iya rubutawa a bango shi ne ƙarfin halin buɗe baki.

A duba lissafin sukar allura. In allurar ta fito daga jikin mai ƙanjamau, kusan mutum 3 cikin 1,000 ne ke kamuwa. In daga mai ciwon hanta nau'in B ne, adadin kan kai 30 cikin 100 ga wanda bai yi rigakafi ba. Akwai maganin da ke tare ƙanjamau in an fara shansa cikin awa 72, a ci gaba har kwana 28, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. To, ma'aikacin da allura ta soka da yammacin Juma'a, ya ji nauyin faɗa wa shugabansa, ya ce bari sai Litinin, ya ɓarar da fiye da awa 60. Kunya ce ta cinye su, da tsoron kada a ce masa sakarai.

Haka kara take yi. Ɗaliba 'yar koyon aiki za ta ga wanda ya girme ta ya amsa waya da safar hannu, ko ya sa ruwan leda a firjin ajiye jini saboda zafin watan Maris, ta sunkuyar da kai ta yi shiru. A gida wannan ladabi ne. A ɗakin gwaji kuwa tsagewar bango ce da ƙadangare zai samu wurin shiga.

Wanda ya fi kowa shiga hatsari shi ne wanda ya fi kowa ƙarancin murya, wato mai shara da mai kwashe bola. Ba su suka yi gwajin ba, amma hannunsu ne ke shiga ledar da wani ya jefa allura a ciki. Ƙwayar ciwon hanta kan rayu aƙalla kwana 7 a busasshen jini. Ghana ta sa rigakafinta cikin alluran jarirai ne a 2002, don haka yawancin waɗanda aka haifa kafin nan ba su samu ba suna yara. Allura uku ce cikin wata shida. Ɗakin da ya yi wa masana rigakafi ya manta da mai shara bai gama aikinsa ba.

Mukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma bakin da ya faɗi haka shi ne ya ce rigakafi ya fi magani. Saboda haka nauyin ya rataya a wuyan kowa. Shugaban ɗaki ya gode wa wanda ya kawo rahoton sukar allura ko zubewar jini, ya rubuta abin da ya faru, ya nemi gyara maimakon neman mai laifi. In ya yi wa mutum ɗaya tsawa, ya rufe bakin goma. Babba ya ba na ƙasa da shi izini a fili cewa in ya ga ya kauce, ya tuna masa.

Mu kuma da ke tsaye a bakin taga muna jiran sakamako, mu rage matsa wa ma'aikaci lamba don ya san gidanmu, domin gaggawa ce ke sa hannu ya kuskure. Kada mu ji haushi in ya ƙi ba mu hannu yana cikin aiki. In muna da ɗa ko ƙanwa a wannan sana'a, mu tambaye su ko sun cika alluran hantarsu uku, mu kuma gaya musu cewa a wurin nan faɗar gaskiya da wuri ita ce cikar tarbiyya. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya tsare masu duba jininmu, Ya mayar da su gidajensu lafiya.