Kunne Shi Ne Jari

A wata unguwa ta Maraɗi akwai wani saurayi, DJ, mai juya waƙoƙi a wuraren biki. Kayan sono duk na haya ne. Kaske kaɗai ne nasa, wato abin sauraren da yake ɗorawa a kunnuwa. Na farkon da ya saya jikka uku ne, mai ƙyalli, marar waya, mai aiki da Bluetooth.

Daren wani aure kasken ya kunyata shi. Sauti na isowa kunnensa a makare, sai ya riƙa shigo da sabuwar waƙa bayan bugun ganga ya wuce, ƴan rawa na tsayawa suna waige. Ga kuma rugugin lasifika da na injin wuta suna kutsowa, shi ko yana ta ƙara murya. Kwana uku ya yi kunnensa na ƙugi. Arha dai ba ta ado.

Wani dattijo da ya daɗe yana aikin sauti a gidan rediyo ya zaunar da shi. Ya ce: "Ɗana, waƙa biyu kake ji lokaci guda, wadda ake rawa da ita da wadda kake shiryawa a ɓoye. Ba daɗin sauti za ka nema ba." Ya nuna masa abu uku: kaske mai rufaffen baya, don tare hayaniya, mai waya, don kada sauti ya makara, wanda ake iya karkatar da gefe ɗaya, don kunne guda ya saurari fili. Sannan ya miƙa masa nasa, Sennheiser HD 25, samfurin da ya fito a 1988, nauyinsa gram 140. Waya da soso duk ana sauya su, abin da ke da amfani inda ƙura da gumi ke cinye kaya.

Saurayin ya yi watanni yana tara kuɗi, ya kuma yi hattara da jabu. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS: kunne na jure desibel 80 na awa 40 a mako, amma a desibel 90 awa 4 ce kacal. Kasken da ke tare hayaniya shi ke ba mutum damar rage murya.

Yanzu kafin ya soma aiki, murya yake fara ragewa. Ya san waya in ta tsinke akwai wata a kasuwa, amma ba rumfar da ake sayar da ji.