Wai mi filo ke tsinana wa yaro?

Duk shekara in jarrabawar bak ta matso, sai iyaye su yi ta tambaya: wai mi filo ke tsinana wa yaro? Lissafi an san amfaninsa, siyansi ana zama likita da ita. Falsafa kuwa, wasu na ganin surutun Nasara ce, wasu ma tsoro suke kar ta taɓa imanin ɗansu.

Ni a ajin taraminal na yi ta, da Faransanci, kamar kowa. Sunaye da yawa sun ɓace mini, amma abu guda ya zauna, kuma da shi nake aikin radiyo yau: raba abin da na sani, da abin da nake zato, da abin da na ji an ce. Uku ne fa, ba ɗaya ba.

Mushenmu ya fara mana da Sokrat, mutumin Girka, wanda ke tsare masu ji da ilimi da tambayoyi har sai sun gane iyakar saninsu. Sai Dekart, Bafaranshen da ya fitar da littafinsa kan hanyar tunani a 1637, yana cewa kar a karɓi magana sai an tantance ta. Amma ba Turawa kaɗai suka yi wannan tunani ba. Imam Gazali, da ya rasu a 1111, ya kawo misalin inuwa: ido na ganin ta tsaye cak, bayan ɗan lokaci ka tarar ta gusa. Ashe ido ma na ruɗin mai shi. Malamanmu na zaure su ma, in sun gama amsa, da "Allahu a'alam" suke rufewa.

Ku ɗauki zancen damina. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974, tana cikin masu fitar da hasashen damina na Sahel kowace shekara. Masananta ba su cewa "ruwa zai sauka ran kaza a gonar wane". Cewa suke alamu sun fi karkata ga damina mai yawa ko mai ƙaranci. A 2024 an yi hasashen ruwa mai yawa, aka kuwa sha shi: ambaliya ta yi ɓarna a Maraɗi, tsohon masallacin Zinder ya rushe cikin Satumba. Ilimi ya hango damina mai nauyi, amma bai iya nuna gidan da zai faɗi ba. Mai hankali sai ya gyara magudana, ya yi yaɓe, ya bar sauran ga Allah.

To, ku kwatanta da saƙon murya na WhatsApp, inda wani da ba a san ko wane ne ba ke rantsuwa ya san maganin kowace cuta, ko abin da aka ƙulla a asirce. Irin saƙon nan na sa uwa ta hana ɗanta allurar rigakafi. In mai saurare ya kira da irinsa, tambaya biyu nake masa: wa ya faɗa maka, shi kuma ina ya gani? Sau da yawa nan zancen ke tsayawa.

Don haka iyaye, in yaronku ya dawo daga lise yana yawan tambaya "ta yaya aka sani?", kar ku kwaɓe shi. Ku dai koya masa ya yi ta da ladabi. Ƴan taraminal kuma, Allah ya ba da sa'a.