Keke a Tuddan Ngawundare

Mu 'yan kasuwa zaman shago ke cin mu. Tun da likita ya ce jinina ya hau, duk Lahadi bayan Asuba nakan hau keke in bi hanyar Maiganga. Ngawundare a kan tudu take, sama da mita 1,000, sanyin safiyarta sai da riga mai kauri. Gangarawa Kogin Vina daɗi, ƙafa tana hutawa, tireloli kawai ake kaucewa. Ta Tafkin Tizon nake zagayowa, ruwa ne kwance a bakin tsohon dutse mai aman wuta. Hawansa kam, gwiwar ɗan hamsin ba ta iyawa. Sauka nake in tura, makiyaya na ce mini "Sannu Alhaji". Ƙarfe 10 ina shago.