Kwari da Ƙwari a Cikin Kwamfuta

Ruwan da ke shayar da gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam daga madatsar Tiga yake tasowa, wadda aka kammala a 1974. Gangarowa yake yi da kansa, daga babbar magudana zuwa ƙanana, har ya isa bakin kowace gona. A gefen waɗannan magudanu ne wani ɗalibin nazarin harshe ya shafe rani guda yana tattara kalmomin noman rani daga bakin manoma. Duk kalmar da ya ji sai ya ɗauki hoton abin da take nufi, ya kuma rubuta lambar hoton a littafinsa.

Ya koma Kano da hotuna fiye da dubu biyu, kowanne da sunan da waya ta raɗa masa: IMG_0412, IMG_0413, haka har ƙarshe. Irin wannan suna ba ya gaya wa kowa cewa ga ganyen tumatir daga Gafan, ko ga kunyar albasa daga Ɗanhassan. Sauya su ɗaya bayan ɗaya aikin makonni ne, ga malaminsa na jiran babi na huɗu.

Sai aka nuna masa gajeriyar hanya. A kwamfuta mai Windows ana iya jera umarni a Notepad, a adana fayil ɗin da ƙarshen suna .bat, a danna shi, kwamfuta ta bi layukan daga sama har ƙasa. Umarnin sauya suna shi ne ren, sai tsohon suna, sai sabo. Ya tsara jerin a Excel: ranar ɗauka, gari, kalma, lamba. Ya danna. Kafin shayinsa ya huce an gama.

Abin da ya tarar ya tsinka masa zuciya. Duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ take, wasu baƙin alamomi biyu ne suka tsaya a gurbinta. Dalilin ba boyayye ba ne ga masu sani: Notepad ya adana rubutun a tsarin UTF-8, inda harafi mai ƙugiya ke cin gurbi biyu, ita kuwa tagar umarni ta karanta shi da tsohon tsarin da bai san da ƙugiya ba, ta ɗauki kowane gurbi harafi ne mai zaman kansa. Layi ɗaya a saman fayil ɗin, chcp 65001, da ya wadatar. Bai san shi ba a lokacin.

Shawarar da ya samu ita ce wadda aka saba ba mai rubuta Hausa: a cire ƙugiyoyin, ai mai karatu zai gane. Mai karatu kam yakan gane, domin jimla na taimakonsa. Sunan fayil ba shi da jimla. Ya bi shawarar, ya sake dannawa, kuma nan ne ɓarnar gaske ta auku. Yana da hotunan kwari, wato gangaren da ruwa ke kwantawa a yi shinkafa, yana kuma da hotunan ƙwari, har da tsutsar nan da ta cinye tumatirin yankin a 2016, wadda manoma ke kira sharon. Yana da ƙasa iri-iri, jigawa da laka, yana da kasa, yadda ake tsiba tumatir a bakin titi. Duk suka zama abu guda. Inda sunaye suka yi karo, ren ya ƙi taɓa na biyun; sauran suka cakuɗe. Umarnin ba shi da komawa baya, tsoffin lambobin da ke haɗa hoto da littafi sun tafi, wayar kuma ya riga ya share ta don neman wuri.

Kwari da ƙwari ido ya raba su. Rana da sa'ar ɗauka, waɗanda ke binne a cikin hoton kansa ba a sunansa ba, suka taimaka ya daidaita mafi yawa da shafukan littafin. Ya koyi sa echo a gaban ren, domin kwamfuta ta nuna abin da za ta yi kafin ta yi, ya koyi aiki a kan kwafi. Amma hotunan ƙasa arba'in da wani abu suka gagara. A allo duk jajaye-jajaye ne, alhali manomin da ya nuna masa su suna daban ya ba kowacce, bayan ya murza ta a tafin hannu.

Ranar wata Asabar ya hau mota zuwa Kwanar Gafan, ya tarar da dattijon yana buɗe wa albasa ruwa.

"Baba, sannu da aiki. Na dawo da tambayoyin bara."

Dattijon ya karɓi wayar, ya kare ta daga rana da hularsa, ya daɗe yana duban hoton farko. Sannan ya miƙa masa, ya ce a hoto ba za a gane ba, sai dai su taka zuwa wurin.