Kafin ki miƙa mata tsintsiya

Uwargida, aikina shi ne koyar da sababbin ma'aikata a wani kamfanin share-share da goge-goge a Kaduna. Kusan duk wadda ta zo takan ce, "Anti, ai ba a koya wa mace shara." Shara kam ta iya, amma ba ta san abin da ke cikin robobin da za ta riƙe ba.

Shi ya sa ranar farko zama muke yi. Darasin farko: ba a haɗa bilic irin Hypo da ruwan wanke masai irin Harpic. In suka haɗu, iska mai guba ke tashi, ta shaƙe mutum, ta ƙona ido, balle a banɗaki mara taga. Na biyu: kowane tsumma da launinsa, ja na banɗaki, kore na kicin, ba a musanya su. Na uku: safar hannu dole, kuma ba a juye sinadari a robar lemo, don yaro zai ɗauka ya sha.

To, ki duba gidanki. Yarinyar da ke taya ki aiki, wa ya zaunar da ita ya nuna mata waɗannan? Ranar da ta iso aka nuna mata banɗaki, in ta yi kuskure kuma sai faɗa.

Gobe ki ware rabin awa. Ki yi tana kallo, ta yi kina kallo. Lafiyarta amana ce a hannunki, kamar ta 'ya'yan cikinki.