Shekarun Masu Sauro a Garki

Duk wanda ya yi wayo a ƙauyukan Garki kafin 1970 ya san cewa murnar damina ba ta zuwa ita kaɗai. Gero na fidda kai, zazzaɓi na kwantar da yara. Daga an shiga watan Agusta, da wuya ka wuce ƙofar gida ba ka ji warin ganyen darbejiya da ake dafawa don surace ba. Uwa kuwa ba ta sakin jiki da goyonta sai ta ga an yi girbi yana raye.

A cikin wannan hali masu sauro suka zo mana. Haka kowa yake kiransu, yara da manya. Sai da na yi nisa a makaranta na san cewa aikin haɗin gwiwa ne na Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya, wanda aka yi daga 1969 zuwa 1976, lokacin Garki tana cikin tsohuwar Jihar Kano, tun kafin a yanke Jigawa. Tambaya guda suka zo da ita: in aka haɗa feshin gidaje da raba wa kowa magani, za a iya katse yaɗuwar zazzaɓin cizon sauro a ƙasa irin tamu?

Da sassafe suke shiga ɗaki, su shimfiɗa farin ƙyalle ya rufe ƙasa da gado, su ja ƙofa su yi feshi. Bayan ɗan lokaci sai su naɗo ƙyallen a hankali su fito da shi tsakar gida, su tsugunna suna tsince sauron da ya zubo ɗaya bayan ɗaya da ɗan hantsaki, wani na gefe yana rubutawa. Mu yara muna zagaye da su, ko tari ba ma yi. Amma waɗanda suka fi tsaya mini a rai su ne na dare. Samari ne kamar yayyenmu, sukan zauna su naɗe wando har gwiwa, tocila a hannu, siririn bututu a baki, suna jiran sauro ya sauka a ƙwaurinsu su zuƙe shi cikin bututun. Haka za su kwana. Da jikinsu aka auna yawan cizon da mutumin Garki yake sha a dare guda, kuma har yau ina ganin ba a yi musu godiyar da ta kamace su ba.

Duk mako goma kuma sai a taru a ƙofar gidan dagaci, a huda yatsa, a shafa ɗigon jini a ɗan gilashi. Ba a rasa ƙananan maganganu ba. Na tuna Baba ya taɓa tambaya a gaban jama'a, ya ce, “Ranka ya daɗe, jinin yaran nan ina ake kai shi?” Dagaci ya juya wajen malamin da ke riƙe da littafi, shi kuma ya ajiye alƙalami ya yi bayanin ƙwayar cutar da ake nema a cikin jinin, dalla-dalla, har sai da Baba ya miƙa nasa yatsan. Tun daga ranar nake ganin kowane bincike da za a yi a jikin talaka, daga nan ya kamata ya fara.

A 1972 da 1973 aka yi feshin propoxur a bangon ɗakuna, wasu ƙauyukan kuma aka haɗa musu da ƙwayoyin sulfalene da pyrimethamine. Shekarun fari ne, rumbuna ba su cika ba, amma a gidanmu tukunyar darbejiya ta huta, ƙannena suka yi ta guje-guje a lokacin da suka saba kwanciya. Akwai ƙauyukan da aka bari ba feshi don a kwatanta, kuma wannan ya daɗe yana ci mini rai.

Ba a katse cutar ba. Ta yi ƙasa sosai, amma da aka daina sai ta dawo, domin wani sauron cizo yake yi ya fice waje, ba ya hawa bangon da aka fesa. Masu binciken ba su ɓoye wannan ba. A 1980 Louis Molineaux da Gabriele Gramiccia suka fitar da littafin aikin, kuma masana lissafin yaɗuwar cututtuka suna komawa ga alƙaluman Garki har yanzu. 

Burina in ga an mayar da littafin nan Hausa an ajiye shi a makarantun Garki, jikokin waɗancan samari su karanta abin da kakanninsu suka kwana suna yi.