Gadar da Ke Yarda a Rufe Ta

Da yawa daga cikinmu da neman abinci ko karatu ya kawo Legas mun san gadar Third Mainland kamar tafin hannunmu. Daga Oworonshoki take tashi, ta ratsa saman tafkin Legas, ta sauka a Adeniji Adele cikin tsibiri. Tsawonta kilomita 11.8 ne. Kamfanin Julius Berger ya gina ta, Janar Ibrahim Babangida kuma ya buɗe ta a 1990. Ita ce ta uku bayan gadar Carter da gadar Eko, shi ya sa ake kiranta haka.

Idan muna cikin danfo da sassafe, abin da ido ke gani shi ne kwalta, da jerin motoci, da Jami'ar Legas a bakin ruwa, da gidajen katako na Makoko tsaye a kan turaku, masunta na tuƙa kwalekwale a ƙarƙashinmu. Amma abin da ke ɗauke da mu ba ya cikin waɗannan. Ginshiƙai ne da aka kafa can cikin ƙasan ruwa, inda ba mai ganinsu sai masu nutso. Ruwan nan kuwa yana da gishiri, domin yana haɗe da teku. Gishiri na bin ƙananan tsagogi ya shiga kankare, ya iske rodi, tsatsa ta kama. Rodin da ya yi tsatsa kumbura yake yi, ya fasa kankaren daga ciki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Akwai kuma ƙarar nan da taya ke yi, gaf-gaf, kowane ɗan nisa. Mahaɗa ce. Da gangan injiniyoyi suka bar 'yar tazara tsakanin sassan gadar, domin kankare da ƙarfe suna miƙewa da zafin rana, su tsuke idan gari ya yi sanyi. Da an haɗe su gam babu wurin motsi, da tuni sun fasa juna.

Waɗannan mahaɗai suna gajiya. Shi ya sa a ranar 24 ga Yuli 2020 aka rufe ɓangaren gadar domin gyara, ba a buɗe ta gaba ɗaya ba sai ƙarshen Fabrairu 2021. Mun sha wuya. Da safe hannun masu shiga tsibiri ne, da rana a juya wa masu fitowa. Wasunmu ƙarfe 4 na asuba suke barin gida daga Agege ko Mile 12 don kada su makara a wurin aiki. Kuɗin mota ya hau, gosulo ya cinye lokacin da ya kamata mu zauna da iyali. A farkon 2024 ma an sake irin wannan gyara.

To amma mu tuna da birnin Genoa na ƙasar Italiya, shi ma a bakin teku yake. A ranar 14 ga Agusta 2018 wani sashen gadar Morandi ya rufta da motoci a kansa, mutum 43 suka rasu. Tsatsa ta daɗe tana cin ƙarafan da ke riƙe da ita a ɓoye. Wahalar wata bakwai ba ta kai ran mutum ɗaya ba.

Wannan ya sa muke duban kanmu. Mu matasa muna ɗauke da kaya masu nauyi: kuɗin haya, kuɗin makarantar ƙanne, saƙon da ake jira a gida ƙarshen wata. Muna sa kaya masu kyau, muna dariya, kowa ya ɗauka lafiya lau muke. Wani a cikinmu kuwa ya yi watanni bai yi barcin kirki ba. Wani bashi ya sha masa kai, kunya ta hana shi faɗa.

Saboda haka kada mu ga hutu kamar lalaci ne, kada kuma mu ji kunyar cewa mun gaji. Wanda jikinsa ke masa gargaɗi ya je asibiti tun da wuri. A zamanmu da juna, mu bar wa ɗan'uwa 'yar tazarar da zai yi fushi ya huce ba tare da zumunci ya karye ba. Wanda kuma muka kwana biyu ba mu gani ba, kada mu tsaya ga gaisuwar waya. Mu taka mu je inda yake a wannan mako, mu zauna, mu tambaye shi yadda yake da gaske, mu kuma saurari amsarsa har ƙarshe.